Tokar shafi na 14 ta zauna, ga abin da ya gyara ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Shafi na 14 na labarin zane na Saje ya fito, alhamdu lillahi. Tokar, wato tawadar da aka sirka da ruwa ta koma ruwan toka, ta kwanta sumul daga sama har ƙasa, babu dabbare, babu zobe a gefe, takarda kuma ba ta kumbura ba. Daɗin da nake ji ba ya faɗuwa, don wannan shafin shi ya tsayar da littafin gaba ɗaya, kuma shi ya ci mini takarda mai tsada har ta fara yi mini zafi a aljihu. Duk wanda ke aiki da tawadar ruwa a Jidda zai haɗu da wannan matsalar, shi ya sa zan baje ta dalla-dalla.

Sai an san abin da shafin ke ɗauke da shi kafin a gane dalilin nacewa a kan toka. Saje tsohon soja ne da ya je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sauka Monrobiya a watan Agustan 1990. A labarin, wani dare ana tsallakar da mutane kogin Saint Paul, harbi ya tashi, ya saki hannun wani yaro don ya riƙe bindigarsa. Shekara 19 bayan haka yana gadin wani sito a gabashin Jidda, sai ga ambaliyar ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, takwas ga Zulhijja, alhazai na haramar Mina, ruwa ya share unguwar Ƙuwaiza ya ci mutum fiye da ɗari. A ranar baiwarsa ta bayyana: ruwa ba ya iya ɗaukarsa, kuma yana jin kiran duk wanda ke ƙarƙashinsa. Ban jingina baiwar da laya ko aljani ba, ban kuma zana fuskar mamaci ko ɗaya ba, domin a cikin masu karatunmu akwai waɗanda suka binne nasu a wannan ruwan.

Ƙa'idar littafin ɗaya ce. Abin da ke faruwa yanzu baƙi ne da fari tsantsa, cikin akwatuna masu kauri. Abin da Saje ke tunawa toka ne, ba shi da akwati, yana malala ya shiga fararen layukan da ke tsakani. A shafi na 14 ne duniyoyin biyu suka haɗu: yana tsaye tsakiyar titi ruwa har ƙirji, hannun wata yarinya ya fito daga tagar mota, kogin Laberiya kuma ya hau kan shafin ya rufe kashi biyu cikin uku. Babu rubutu ko kalma ɗaya. Idan tokar ta yi datti, mai karatu zai ga kuskuren mai zane, ba zai ga nadamar Saje ba. Akwai masu cewa a zuba tokar a kwamfuta a huta. Tokar kwamfuta lafiyayya ce sosai, ba ta da motsin ruwa, a nan kuwa ruwan ne labarin.

Abin da ke fitowa a da shi ne toka mai dabbare-dabbare kamar jikin kura, wani wuri ya sha tawada ya yi duhu, wani wuri ya ƙi sha sam. Daga nesa sai ka ce matsala ɗaya ce. Ashe abubuwa huɗu ne suka taru a kan takarda guda, kuma maganin kowanne daban.

Na farko gumi ne. Da ruɗubar garin nan, wato danshin iskarsa, gefen hannu ba ya bushewa ko da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki. Duk inda tafin hannu ya kwanta yana barin maiƙo wanda ido ba ya gani, ruwan tawada in ya iso wurin sai ya tsattsage ya zama ɗige-ɗige. Za ka gane shi ta wurin da yake fitowa: ƙasan shafi ta dama ga mai amfani da hannun dama, wani lokaci har da shatin yatsa. Safar hannu ta auduga, a yanke babban yatsa da manuni da na tsakiya, sannan a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin hannu. Takardar zanen kuma a gefenta kawai ake kama ta tun daga maktaba, shagon da ake sayar da ita.

Na biyu kilina ce, kuma ita ta fi ɓoyuwa. Takardar zanen ruwa tana da wani siririn gam a fuskarta wanda ke hana ta shanye ruwa nan take. Duk inda aka goge fensir da ƙarfi, an kankare wannan gam ɗin an tayar da gashin takardar, wurin sai ya zuƙe tawada ya yi duhu fiye da kewayensa. Fuskar Saje ita aka fi gogewa, don haka ita ta fi baƙi. Yanzu duk gwagwarmayar fensir a kan takardar kwafi mai araha ake yin ta. In zane ya tsaya, sai a ɗora takarda mai kyau a kansa bisa gilashi mai fitila a ƙasa, a kwafe da fensir H, mai taurin baki, a hankali, layi ɗaya, ba a danna ba, ba a goge ba. Takarda mai nauyin giram 300 haske na ratsa ta in an kashe fitilar ɗaki kuma an bi zanen ƙasa da baƙin alƙalami.

Na uku mukayyif ne da kansa. Iskarsa busasshiya ce, in tana bugun teburi kai tsaye, bakin ruwan yana bushewa kafin burushi ya dawo daga kofi. Tawadar Indiya ba irin kalar ruwa ba ce da za ka jiƙa ka ɗaga. Tana da ƙaro a ciki, in ta bushe ta zauna ke nan har abada, shi ya sa kowane tsayawa ke barin layi. In kuma ka koma da jiƙaƙƙen burushi kan wurin da ya fara shan iska, sabon ruwan sai ya ture tawadar gefe ya bar zobe mai baƙin baki. A kashe mukayyif kafin a fara zuba toka, a haƙura da zafin minti goma. A jingina katakon ya ɗan karkata, tsayin tafin hannu a tsaye daga baya ya isa. A fara shafa ruwa zalla a duk wurin da toka za ta hau, a jira ƙyallin ya ragu, sannan a ɗauko babban burushi, lamba 12 ko wanda ya fi, a ja daga sama zuwa ƙasa ana barin ɗan taruwar ruwa a bakin kowane ja, ja na gaba ya ɗauke shi. A ƙasa a tsotse ragowar da busasshen burushi. Bayan nan hannu ya fita. Ko ka ga wani ɗan wuri bai yi maka ba, bar shi ya bushe tukuna, gyaran jiƙaƙƙiyar toka ɓarna ne.

Na huɗu shi ne baƙin layi da ke zuba. Kwalba za ta ce tawada ba ta jin ruwa, gaskiya ne in ta bushe sarai. Amma inda aka cika baƙi da kauri, irin rigar Saje da inuwar motoci, saman yana bushewa cikin yana nan da danshi, musamman a wannan yanayin. Toka na bi ta kai sai ta kwaso baƙin ta ja shi. Alƙaluman da tawadarsu rini ce kuwa ba a ma maganarsu, suna ganin ruwa suke komawa shuɗi-shuɗi. Abin da ya kawo ƙarshen wannan shi ne juya tsarin aikin: toka a fara, baƙin layi a ƙarshe. Layin fensir H yana nan ana ganinsa ƙarƙashin toka, kuma tawadar ta kulle shi, ba ya gogewa. Wannan juyin ya zo da wata riba da ban zata ba. Tunda tokar ta riga layi sauka, ba ta tsaya a iyakar kowane abu ba, sai kogin ya ratsa ta cikin jikin Saje, daga baya baƙin layi ya zo ya tsamo shi daga ciki. Abin da shafin ke son faɗa ke nan.

Haɗin tokar kala uku ne, a cikin finjalin gahawa uku, da abin ɗiga magani na saidaliyya, wato kemis. Mai haske ɗigo 1 na tawada a ɗigo 40 na ruwa, matsakaiciya 1 a 15, mai duhu 1 a 5. Wannan na tawadar da ke hannuna ne, taku na iya fi ƙarfi, don haka a gwada a yankin takarda iri ɗaya a bar shi ya bushe, toka na ƙara haske in ta bushe. Ruwan kuma tatacce ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, a tabbata zalla ne ba mai asid ba. Ruwan famfo yakan sa wasu tawadun su yi tsaki-tsaki a gindin kofi. A haɗa fiye da abin da ake bukata, don in toka ta ƙare a tsakiyar shafi ba za ka sake samun irinta daidai ba. Mai haske ce ke fara sauka a kan duka, ta bushe ƙarau, sannan matsakaiciya, mai duhu kuma a ƙarƙashin kwale-kwale kaɗai da cikin tagar motar. Burushi a wanke shi da sabulu nan take, ƙaron nan in ya bushe a gindin gashi burushin ya tafi.

Kumburin takarda shi ma sai da aka ɗaure ta. Bayan kwafe fensir, a jiƙa ta da soso gaba da baya, a bar ta minti uku zuwa huɗu ta saki jiki, a shimfiɗa a kan katako, a manne gefe huɗu da tef ɗin takarda mai gam wanda ake jiƙawa, rabi a kan takarda rabi a kan katako, a bar ta a kwance ta kwana. Salatif na roba ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Kada a tsoma ta a baho ta daɗe, gam ɗin fuskarta zai wanke, bakin alƙalami ya riƙa yin gashi. A nemi mai santsi, ta auduga, domin mai gurzar nan tana kama bakin alƙalamin tsomawa samfurin G tana fesa tawada. Nan ne kuɗi suka ciji: falle ɗaya babba, santimita 56 da 76, ya haura riyal talatin a inda na samu, shafi biyu kacal yake bayarwa na girman A3. Ragowar gefen kada a zubar, su ne na gwajin toka.

Da shafin ya bushe sai wata matsalar ta taso wajen sikana, na'urar ɗaukar shafi zuwa kwamfuta. Tawa A4 ce, shafi kuwa A3, dole a ɗauka rabi-rabi a haɗa. In an bar na'urar tana daidaita haske da kanta, rabin da ya fi baƙi za ta haskaka shi, tokar sama da ta ƙasa su bambanta, layin haɗi ya fito a tsakiyar kogi. A kashe duk wani gyaran kai-da-kai, a ɗauka a launin toka, 600 dpi, a bar ɗan gefen rabi biyun yana hawa juna, a ɗora littafi mai nauyi a kan murfin. Haɗawa a manhajar Krita ko GIMP ba wuya.

Maganar maɗaba'a kuma a riƙe ta tun yanzu. Toka tana ƙara duhu a bugu, saboda ɗigon tawadar inji yana bajewa a takarda. A allo nake ajiye su wajen kashi 15, 35 da 60 cikin ɗari. In mai duhun ta wuce haka za ta haɗe da baƙi, hannun yarinyar ya ɓace a cikin tagar. Girman bugun santimita 17 da 24 ne, irin na littattafan nan da aka saba, wato shafin A3 zai ragu zuwa kusan kashi 57. Layin alƙalami 0.1 ba ya tsira a wannan ragin, ɗigon ruwan sama dukkansu da alƙalami 0.3 na sake bin su. A biya kuɗin gwajin shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a buga, kafin a ba da sauran.

Saura abu ɗaya da bai gama warwaruwa ba, a shafi na 15. Littafin da boko yake, daga hagu ake karanta shi, amma yaranmu haifaffun nan idonsu ya saba da Larabci da manga, labaran zane na Japan, daga dama suke farawa. A shafin da babu rubutu babu abin da zai ja musu ido, sai su ga Saje ya kama hannun yarinyar kafin ya miƙa nasa. A shafi na 14 faɗaɗa farin layin kwance zuwa milimita 6 da matse na tsaye zuwa 3 ya taimaka, haka ma sa ruwan ya gangaro daga saman hagu zuwa ƙasan dama. Amma na 15 akwatuna uku ne a jere: hannunsa a buɗe, hannunta, sannan riƙon. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne a jera su a tsaye, dogaye masu faɗin shafi, ɗaya bisa ɗaya, tunda kowa daga sama yake sauka. Hakan zai ture akwatin bindigar da ya saki ta nutse zuwa shafi na 16, bayan juya takarda, kuma ina ganin can ma ya fi dacewa da shi. Wanda ya taɓa buga labarin zane da boko ga masu karatun nan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi da jerin kwance.