Laraba, Auwal da Baba

Safiyar yau lafiya lau, wanki, Ummi ta leƙo muka sha dariya kan ɗinkin ankon da tela ya ɓata mata. Wuta ta zo ta tafi kafin azahar.

Da yamma ne abin ya tsaya min a rai. Ƙanena Auwal ya dawo daga Yelwa yana nuna wa Baba bidiyon mahaɗar titin nan ta Minneapolis a Amurka, inda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti 9 har rai ya yi halinsa a Mayun 2020. Mutanen unguwar suka toshe wajen ba mota ba komai, suka kafa siffar dunƙulallen hannu a tsakiya, suna gadi suna raba abinci, sai a Yunin 2021 hukuma ta buɗe titin, shi kuma ɗan sandan aka yanke masa shekara 22 da rabi. Auwal sai cewa yake Baba ka gani ko, da ba su zauna a titi ba wlh shiru za ka ji. Baba ya ajiye carbi ya ce kai yaro ne, ka manta zanga-zangar Lekki a Legas? An rushe rundunar ƴan sanda ta SARS ran 11 ga Oktoban 2020, ran 20 ga wata sojoji suka buɗe wuta a kan masu zaman. Ka manta yaran da aka kama a zanga-zangar yunwa ta 2024, suna zubewa a kotu a Abuja? In ka fita wa zai dawo min da kai?

Na kasa cewa komai. Amma ina wanke-wanke ina tunani, ai mu ma muna toshe layi, in aka yi rasuwa a kafa rumfa a shimfiɗa tabarmi kwana uku, mai keke ya zagaya ba ƙorafi. Sai dai ko harbe mutum aka yi a shingen bincike, Allah ya jiƙansa, kwanansa ne ya ƙare, a yi sadakar uku a naɗe tabarma, ba mai tambayar wa ya harba, ba mai zuwa ofishinsu neman sunansa. Wannan ne ke ci min rai, gsky addu'a ba ta hana tambaya.

Kuma in aka ce a rufe shataletalen Wunti a nan Bauchi wuni ɗaya ma, masu tebur da ƴan achaɓa me za su kai gida?

Auwal ya fita majalisa bai ci tuwo ba. Na kira na ce ya dawo kafin goma, ya ce to Yaya, ya kashe tun ban gama magana ba.