Lokacin da Goronyo da Kalambaina Suke Ƙarƙashin Teku

Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ke busowa da ƙura daga arewa, da wuya ya yarda cewa ƙasar da yake takawa ta taɓa zama gindin teku. Daga nan zuwa Legas da ke bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Amma masana ilimin duwatsu sun daɗe da tabbatar da cewa tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya riƙa malalowa daga arewacin Afirka, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da arewa maso yammacin Nijeriya. Yakan zo, ya janye, ya sake dawowa, kuma kowane zuwa yana barin shimfiɗar laka ko yashi ko ɓawon halittun ruwa, ɗaya bisa ɗaya.

Waɗannan shimfiɗu suna da sunaye a littattafan ilimin ƙasa na duniya, kuma sunayen garuruwanmu ne: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, sai Gwandu a saman su duka. Ɗalibi a Italiya ko Amurka zai iya cin karo da su a karatunsa, alhali yaron da ke kiwon awaki a kan tudun Dukamaje bai taɓa jin cewa ƙauyensu ya shiga irin wannan littafi ba.

A shimfiɗar Dukamaje ne aka samu abin da ya fi ba ni mamaki. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da suka zama dutse waɗanda aka tsinto a lardin Sakkwato, ya ce na wata babbar dabbar ruwa ce mai rarrafe. Bayan kimanin shekaru 40, masu bincike daga Jami'ar Florence ta Italiya suka zo yankin Goronyo, suka haƙo ƙoƙon kai da wasu sassan jiki, sai suka ga dabbar ta bambanta da 'yan uwanta har ta cancanci suna nata na kanta. A 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa mata suna Goronyosaurus nigeriensis. Ba kada ba ce, ko da yake dogon bakinta siriri ya yi kama da na kada. Danginta na kusa a cikin halittun da ke raye su ne irin guza da tsari da macizai, sai dai ita ƙafafunta sun koma filafilan iyo, kuma a cikin ruwa take rayuwarta baki ɗaya, tana farautar kifi da sauran abin da bakinta ya iya kamawa. A wannan shimfiɗa aka kuma samu wani tsohon nau'in kada wanda aka ba sunan Sokotosuchus a 1975.

Goronyosaurus ta rayu a ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso. Kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, ƙura da hayaƙi suka tare hasken rana, tsirrai suka mutu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ɓace, har da dangin wannan dabba gaba ɗaya. Tekun dai ya sake dawowa bayan haka. A wannan zuwan ne ya bar shimfiɗar Dange, mai haƙoran kifin shak da ƙwallayen fosfet da ake iya yin takin zamani da su, sannan ya bar farin dutsen Kalambaina.

Wannan farin dutse shi ne dalilin da ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967. Idan mutum ya ɗauki gutsurensa ya duba da kyau, sau da yawa zai ga siffar katantanwa a naɗe, ko ɓawon makankari da layukansa a jere, ko wani abu zagayayye mai zanen tauraro mai ƙafa biyar a bayansa, wanda halittar gindin teku ce mai ƙaya. Sauran dutsen ma ɓawo ne, na halittun da ido ba ya iya gani, waɗanda suka mutu suka taru suka dunƙule cikin shekaru masu yawa. Shi ake niƙawa a haɗa da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin kimanin digiri 1,450, a ƙara masa jifsam, wanda shi kuma gishiri ne da ruwan teku ke bari idan ya ƙafe. Ke nan bulo da dabe da filastar yawancin gidajen da aka gina a garin nan daga ragowar wannan teku suka fito.

Na san akwai masu jin nauyin irin wannan magana ta miliyoyin shekaru, suna ganin kamar baƙuwa ce a wurinmu. A ganina ba baƙuwa ba ce. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya duba duwatsu da ƙasar filayen Indiya ya ce wurin teku ne a da, koguna suka cike shi da laka, kuma Ibn Sina ya yi magana kan ɓawon halittun ruwa da ake samu a cikin duwatsu nesa da gaɓa. Aya ta 20 a Suratul Ankabut ma umarni ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Garin da ya gaji ɗakunan karatu na malaman jihadi bai kamata ya ji tsoron gutsuren dutse ba.

Abin da ke damuna shi ne ƙasusuwan da aka gina wannan ilimi a kansu suna ajiye a Landan da Florence, kuma yaran makarantunmu sun fi sanin dabbobin dā na Amurka ta hanyar talabijin fiye da wadda ke ɗauke da sunan Goronyo. Maganar dawo da su doguwa ce, amma gidajen tarihi a duniya sun saba yin kwafin irin waɗannan ƙasusuwa, yanzu ma har da na'urar da ke ɗaukar siffar abu ta fitar da irinsa sak. Kwafin ƙoƙon kan, da akwatin gilashi ɗaya na katantanwa da haƙoran shak daga Kalambaina da Dange, da taswirar tekun da bayani cikin Hausa a rubutun boko da ajami, za su shiga ɗaki guda a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da mutanen da za su iya tantance kayan su rubuta bayanin, kuma masu haƙar dutse da jifsam a ƙauyukan Wurno da Dange sun riga kowa sanin inda ake tsintar su.