Kaya Ɗaya, Ƙofa Uku

Mu huɗu ne a ofishinmu, a saman wani bene a Unguwar Rimi. Aikin da muka fi alfahari da shi ba ya fitowa a fuskar waya: naɗe manhajar JavaScript, harshen da ake rubuta manhajojin intanet da shi, yadda za ta shiga kowane tsari ba a taɓa ta ba.

Ga tushen wahalar. Node.js, mai tafiyar da JavaScript a wajen burauza, da ya fito a 2009 ya rungumi tsarin CommonJS, inda ake kiran kaya, wato guntayen manhaja, da umarnin require. Masu aikin burauza suka bi tsarin AMD da manhajar da ke loda shi, RequireJS, su umarnin define suka sani. Sai a 2015 harshen ya samu import da export nasa na kansa, amma tsofaffin ba su mutu ba, suna nan a injinan abokan cinikinmu.

Da kuka na koyi wannan. Ina ɗalibi a Poly, na kwana uku a wani kafe a Tudun Wada, jan rubutu yana ta ce min burauza ba ta san require ba. Wani babban yaya da ke kujerar gefe ya leƙo ya ce, "Ƙanena, kayanka lafiya lau, ƙofar ce ba tasu ba." Shi ya nuna min UMD, 'yan layukan da ke tambaya: akwai define na AMD? Akwai module.exports na CommonJS? In duk babu, sai kayan su rataye kansu a window, wato ma'ajiyar burauza da duk abin da ke shafin ke gani.

Yau Rollup, manhajar haɗa kaya, ke fitar mana da fayil uku daga tushe ɗaya, kowanne da ƙofarsa, kuma duk gyaran da muka tura, GitHub Actions, mai yi mana gwaji da kansa, sai ya gwada kowanne a gidansa kafin ya fita. Ba ma tsallake ko ɗaya, ko da ana jiranmu.

Duk da haka wani zai zauna ya ce, "Haba Malam, layi goma ne fa, kuɗin mene ne?" Sai ya tafi wurin masu araha, su kwafo marufin daga intanet ba gwaji. Watan jiya aka kawo mana irin wannan, na wata makaranta: manhaja ɗaya ta loda kanta sau biyu, ɗaya ta require, ɗaya ta import, kowacce da lissafinta, rasit ɗin iyaye ya ƙi daidaita. Layi huɗu muka gyara a package.json, fayil ɗin da ke nuna ta wace ƙofa za a shigo da kayan, bayan mun kwana biyu muna neman su.