Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Tiyo Ya Tona Mini Asiri a Hawan Jebba

Makon jiya mun tsaya ne inda muka gama lodin wake buhu 300 a kasuwar Dawanau, za mu kai Legas. Abin da ban gaya muku ba shi ne aika-aikar da na yi ana jibi za mu tashi.

Oga, direban da nake yi wa yaron mota, shi ne ya sa ni wanke intakula. Ga wanda bai san babbar mota ba, wani abu ne mai kama da lagireto, a gaban lagireton ma yake zama, sai dai iska ke bi ta cikinsa, ba ruwa ba. Tobo na matso iska da ƙarfi, matsin ya sa ta ɗau zafi, to a nan take hucewa kafin ta shiga inji. Tiyo ne masu kaurin damtsen ƙato suke haɗa intakular da tobo da inji. Na kwance na wanke tsaf, amma da na zo mayarwa sai ɗaya ya ƙi shiga. Na yi na yi, gumi har ido. Sai na dangwalo baƙin mai da yatsa na shafe bakin bututun, ai kuwa ya shige suluf. Na ɗaure kilif, ina jin kaina wani gwani.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari, Tegina har Mokwa babu abin da ya faru, don ramuka ba su bar Oga ya taka motar yadda yake so ba. Sai da muka haye gadar Jebba muka kama hawa. Ya rage giya, ya danne totur, tobo ta fara fito irin nata mai daɗin ji. Can sai "fam!" Na rantse na ɗauka taya ce ta fashe. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, DAF ɗin nan da ke gurnani ta koma kamar tsohon jaki.

"Weji! Kai, weji!"

Ban san lokacin da na dira da weji, abin tokare taya, ba. Tan 30 ne a bayanmu, in ta fara komawa da baya sai dai wani ikon Allah.

Da muka ɗaga kan motar, ga tiyo can yana reto. Oga bai ce uffan ba. Ya shafa bakin bututun, ya dubi yatsansa, ya dube ni.

"Wa ya mayar da wannan?"

"Ni ne, Oga."

"Da me ka shigar da shi?"

Na sunkuyar da kai. Tobo takan ɗan feso mai a cikin tiyo, wannan kowa ya sani, kuma da shi na so in fake. Amma nawa man a waje yake, dumu-dumu. Ga laifi na biyu: akwai ɗan tudu da ya zagaye bakin bututun, an yi shi ne don ya tare tiyo. A bayansa ake ɗaure kilif, ni kuwa a kansa na ɗora, ga shatin nan ƙuru-ƙuru a jikin roba.

Na ce ko mu lallaɓa haka zuwa Ilori. Ya ce, "Ƙura fa? Yanzu inji zai sha iska ba ta filta ba. In ta cinye ringin fistin, kai za ka saya?"

Ya aike ni na tari ɗan acaɓa na sayo fetur rabin kwalba. Da tsumma na goge bututun da cikin tiyon har sai da yatsa ya daina santsi, muka bar su suka bushe. Tsohon kilif ɗin irin mai haƙora ne da ake ɗaurewa da sukundireba, haƙoran sun cinye. Oga ya buɗe akwatin kayan aiki ya ciro wani mai faɗi, mai noti da sifirin, ya ce a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya saya tun bara. Shi wannan, in roba ta sha zafi ta saki, sifirin ɗin ne ke ci gaba da riƙo. Da sifana ya ɗaure, a hankali, bai bari ya nutse cikin robar ba, don in an zafafa yanka ta yake yi. Har kujerun inji sai da ya leƙa da tocila, saboda in sun mutu inji na girgiza ya fizge tiyo komai ɗaurinsa.

A Ilori ya tsaya, ba don cin abinci ba. Ya miƙo mini sifana ya ce in ƙara ɗaurewa tun da ya sha zafi. Na ɗauka an riga an gama, sai ga noti ya ƙara juyawa.

Bai mare ni ba, kuma wallahi da marin ya fi mini sauƙi. Muna isa Ogere, inda manyan motoci ke kwana, ya tara direbobi a teburin mai shayi ya ba su labari tiryan-tiryan. Daga daren nan aka laƙaba mini Baƙin Mai, sunan da ya bi ni har ranar ɗaurin aurena. A teburin nan kuma wani dattijo mai tanka ya yi mini tayin da ya raba ni da Oga.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.