Yadda Na Ƙera Ƙaramar Tirelar Kwana

Ƙaramar tirelar kwana, wadda motar gida za ta iya ja ba tare da wahala ba, ta samo asali ne daga Amurka a shekarun 1930, kuma ta yaɗu sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanenta domin mutum ya ƙera tasa a bayan gida. Siffarta irin ta ɗigon hawaye ce, gabanta mai tudu, bayanta kuma yana gangarowa ƙasa. Girman da aka saba yi shi ne ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, kuma dalili shi ne wannan ne girman falankin filawud guda, wanda har yau da shi ake sayar da shi a kasuwannin katako na Kano da Kaduna. A ciki akwai wurin katifar mutum biyu, a baya kuma akwai murfi da ake ɗagawa a sami wurin girki. Wannan tsari na bi, amma sai da na sauya abubuwa da dama, domin hanyoyinmu da yanayinmu ba irin nasu ba ne.

Abin da na fi ɓata lokaci a kansa shi ne ƙashin ƙarfen da ɗakin zai zauna a kai, da kuma gurbin da za a ɗaure sandar tayoyi. Mai walda da na yi aiki da shi ya saba da ƙera ƙofofi da kurar ruwa, saboda haka ra'ayinsa shi ne a sa ƙarfe mai kauri ko'ina, a kuma ajiye tayoyi a tsakiya daidai. Na fahimci dalilinsa, amma tirela mai gudu a kan kwalta tana da nata hukunci. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka yarda da ita ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗarta da mota, wato idan nauyinta kilo 500 ne, to kilo 50 zuwa 75 ne ya kamata ya danna bayan motar. Idan nauyin ya koma baya, tirelar kan fara lilo hagu da dama da zarar an ƙara gudu, har ta kai ga fizgar motar kanta, kuma a wannan hali direba ba shi da cikakken iko da sitiyari. Saboda haka muka matsar da tayoyin baya kaɗan, kusan kashi 60 na tsawon ɗakin yana gabansu. Ban amince da lissafin takarda kaɗai ba, sai da muka loda kayan tafiya duka, muka ɗora bakin mahaɗar a kan sikelin awon buhu, muka ga abin da ya nuna.

A nan ne matsalar wurin girki take, domin yana can ƙarshen baya, kuma nan ne mutum yake son tara tukunyar gas, da tukwane, da jarkar ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka biyu masu lita 25 sun isa su ɓata ma'aunin gaba ɗaya. Na mayar da ruwa da batir cikin akwati a gaba, na bar kayan girki marasa nauyi a baya. Na kuma tsaya a kan cewa jimlar nauyin kada ta kusanci kilo 750, wanda shi ne iyakar da ake bi a Turai ga tirelar da ba ta da birkin kanta.

Sifirin mai ganye na zaɓa, wato jerin ƙarafan da ke rage jijjiga tsakanin sandar tayoyi da ƙashin ƙarfe, irin na ƙananan motocin ɗaukar kaya, saboda kowane bakanike a bakin hanya ya san shi. Tayoyin kuma na sa girmansu ɗaya da na motata, domin safaya guda ta wadatar da su duka.

Sai batun zafi, wanda a ganina shi ne inda zanen Amurkawa ya fi gaza mana. Akwatin katako da aka lulluɓe da alminiyam, idan ya wuni a rana cikin watan Afrilu, babu mai iya kwana a cikinsa ko da dare ya raba. Na sa soso mai tauri tsakanin rufin waje da silin, na shafa farin fenti a sama, na buɗe taga a kowane gefe da ragar sauro, sannan na huda rufin na sa ƙaramar fanka mai aiki da batirin bolt 12, wadda take zuƙe iska mai zafi ta fitar da ita, farantin sola kuma yana cika batirin da rana. Iska a ɗaki ƙarami irin wannan batun rai ne, shi ya sa akwai kafar da na bari a buɗe har a cikin sanyin hunturu, kuma ba a shiga da risho ko gawayi mai wuta ciki ko kaɗan, domin iskar guba marar wari da suke fitarwa tana kashe mai barci.

Ƙura da ruwan damina ta bakin ƙofa da mahaɗin murfin baya suke shiga, don haka na bi su da robar ƙofar mota, na kuma shafe gefen kowane falanki da fenti kafin a haɗa, tunda ta nan filawud yake shan ruwa ya kumbura. Kafin kowace tafiya ina duba fitilun birki da na sigina, da sarƙoƙi biyu da ke riƙe tirelar idan mahaɗa ta kwance, sannan bayan ɗan nisa in tsaya in taɓa cibiyar kowace taya, domin idan ta yi zafi fiye da kima, boris ne yake neman giris ko canji.