Sai da na sayi kwamfuta sannan na tambayi kaina aikin da za ta yi

Yanzu duk mai aikin kiɗa ko bidiyo da ya zo min da tambayar nan ta "Oga, Mac zan saya ko Windows?" ba na ba shi amsa kai tsaye, ni ma tambaya nake jefa masa: da wace manhaja kake aiki, kuma in ka gama wa kake miƙa wa aikin? Wasu har haushi suke ji, gani suke rowar ilimi nake yi. Wallahi ba rowa ba ce. Ni na yi abin a baibai, na fara da injin kafin in san aikin, kuma na ji a jikina.

Kwamfutata ta farko da hannuna na haɗa ta, Windows ce, na zuba duk abin da na tara a kan furosesa da ram don a lokacin a tunanina su ne komai. Ranar da mawaƙi na farko ya sa hedifon ya buɗe baki sai ya tsaya ya kalle ni, ya ce malam muryata fa a baya take zuwa min, kamar wani ne ke kwaikwayona. Na yi ta danne-danne, zufa na keto min, ban ma san sunan matsalar ba balle maganinta. Daga baya na gane abin da ake kira bofa, wato ɗan guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi ta dawo maka da shi. Lissafin ba wuya: in kana rikodin a 48,000 a sakan ɗaya ka sa bofa a 128, jinkirin bai kai milisakan 3 ba, in ka kai ta 1024 ya haura milisakan 21, kuma wannan hanya ɗaya ce kawai, shiga daban fita daban. Kunnen mawaƙi ba ya yafe wannan. A Windows sai ka samu sawun kad na waje, wato na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta ta kuma fitar da shi, mai direban ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg masu Cubase suka fito da shi, sannan za ka iya sauke bofar ba tare da sauti ya fara tsatsagewa ba. A Mac akwai Core Audio a cikin tsarin tun asali, yawancin sawun kad kana jonawa yake kama aiki. Ni kuwa na sayi furosesa kamar ta jirgin sama amma da ramin hedifon na jikin madabod nake son yin rikodin.

Na sayi sawun kad, jinkiri ya tafi, sai kuma wata ta taso. Ana cikin ɗaukar murya sai ka ji ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye, ba kullum ba, sai lokacin da aka yi ɗauka mai kyau don tsabar mugunta. Kusan sati biyu ina zargin waya, na canza waya, na zargi makirfo, na aro wani, har wutar ɗakin na zarga. Ashe direban katin wayafai ne, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da katin, yake riƙe furosesa na ɗan ƙiftawar ido, sautin kuma ba ya jira. Wata ƙaramar manhaja mai suna LatencyMon ce ta nuna min shi ƙiri-ƙiri, na kashe wayafai, shiru kake ji. Abin da na ɗauka daga nan shi ne Windows tana gudana a kan dubban kayan haɗi na kamfanoni daban-daban, wannan ne daɗinta don kai ke zaɓa, shi ne kuma wahalarta don in abu ya lalace kai ne makanikin.

To a nan ne zuciya ta fara raya min Mac. Ina ganin masu Logic, manhajar haɗa kiɗa ta Apple, suna aiki hankali kwance, na ce ai ni ma can na dace. Na tattara na saya, ban tambayi kowa ba, ban karanta komai ba.

Kwana uku da saye na gane na sayi gida ne a unguwar da ba a jin yarena. Duk ayyukana a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio suke, kuma a lokacin babu FL na Mac, sai 2018 da FL Studio 20 ya fito aka samu. Logic ba ya buɗe furojet ɗin FL, FL ba ya buɗe na Logic, babu wata dabara sai dai ka fitar da kowane layi daban a matsayin odiyo, ganga daban, bes daban, murya daban, kuma da zarar ka yi haka ka rasa damar taɓa abin da ke ciki. Sai fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake jonawa cikin babbar manhaja su ba da sauti ko su gyara shi. Logic nau'in AU kawai yake karɓa, ni kuma rabin kayan da na saba da su ƙananan fulogin nau'in VST ne na kyauta da aka yi wa Windows kaɗai, ciki har da wani da kusan duk sautin da aka san ni da shi daga cikinsa yake fita. Laifin wa? Nawa ne, a rubuce abin yake ko'ina, ni ne ban duba ba. Kuma ba sabon labari ba ne, Logic ɗin nan da can yana Windows, Apple ta sayi kamfanin Emagic na Jamus a 2002 aka rufe ɓangaren Windows, mutanen da suka gina aikinsu a kai dole suka zaɓa, ko su canza kwamfuta ko su canza manhaja. Final Cut Pro, manhajar editin bidiyo ta Apple, shi ma Mac kaɗai. In ɗayan biyun nan ne hannunka ya saba da shi to magana ta ƙare, babu wata muhawara, Mac za ka saya. In kuwa Cubase ne ko Ableton ko Pro Tools ko Reaper ko Premiere ko DaVinci Resolve, duk suna tafiya a ɓangarorin biyu, sai a koma duba sauran abubuwa.

Bidiyo da na shiga daga baya shi ya ƙara rikita min lissafi, don abin da kiɗa ke so daban, abin da bidiyo ke so daban. Kiɗa yana son furosesa mai saurin amsawa da inji mara hayaniya, makirfo mai kyau har numfashin fanka yana ɗauka, na taɓa lulluɓe kwamfuta da bargo ana rikodin, kar ku gwada, zafi ta ɗauka ta mutu a tsakiyar baiti. Bidiyo kuwa katin girafik yake ci da faifan ajiya, sai wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba wai shi kodek, wato irin matsewar da kyamara ta yi wa hoton. Wani ya kawo min aiki da aka ɗauka a kodek ɗin H.265, nau'insa mai bit 10 da 4:2:2, na jefa a babbar kwamfutar da nake taƙama da ita mai ƙaton kati, hoto ya dinga tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa, abokin aikina kuma ya buɗe fayil ɗin a 'yar ƙaramar kwamfutarsa yana gudu sumul. Na ji kunya ranar ba kaɗan ba. Bayanin shi ne akwai wani ɓangare na musamman a cikin wasu cif da aikinsa kawai warware irin wannan matsewar, cif ɗin Apple na jerin M suna da shi, furosesar Intel daga zubi na 11 masu girafik a ciki suna da shi, katunan GeForce na Nvidia kuwa sai a jerin RTX 50 na 2025 suka samu na 4:2:2. In babu shi furosesa ce za ta yi dakon aikin da ƙarfin tsiya. Akwai mafita, ka yi furoksi, wato ƙananan kwafi masu sauƙi ka yi editin da su sannan a koma kan na asali wajen fitarwa, ko ka juya komai zuwa ProRes, kodek mai sauƙin warwarewa, sai dai ProRes 422 HQ a 4K yana cin kusan gigabayit 400 a awa ɗaya, don haka abin da ka tsira da shi a furosesa za ka biya shi a faifai. Tun daga ranar kafin in ba kowa shawara sai na tambaye shi wace kyamara ake kawo masa aiki da ita.

Inda kwamfutar tebur ta Windows ta yi zarra a wurina shi ne gyaran kala da ifet masu nauyi. Resolve mayen katin girafik ne, kuma in katin ya yi maka kaɗan ka kwance sukuru ka zare shi ka sa wani, ram ta yi kaɗan ka ƙara, faifai ya cika ka jera wani kusa da shi. Mac na zamanin M, tun daga M1 da ya fito a ƙarshen 2020, ram ɗin a manne take da cif, abin da ka saya ran farko da shi za ka zauna har ku rabu. Amma fa suna da sanyi, ba su da ƙara, ba sa shan wuta sosai, kana iya ajiye Mac mini a ɗaki ɗaya da makirfo ka manta da ita. Ni dai in mutum zai sayi Mac don wannan aikin ina ce masa ya matse ya ƙara ram tun a wurin saye, ajiya kuwa a iya jona ta waje daga baya.

Ajiyar wajen ma da nata rikicin, kuma shi ne ya fi cin mutane don ba wanda ke maganarsa. Faifan da aka tsara a NTFS, tsarin ajiya na Windows, Mac zai karanta amma ba zai rubuta a kai ba sai da ƙarin manhaja. Wanda aka tsara a APFS na Mac kuwa Windows ko ganin abin da ke ciki ba ta yi. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Sai exFAT da ke shiga ko'ina, shi kuma ba ya ajiye bayanan da za su cece shi in aka katse shi yana tsakiyar rubutu. Na taɓa fizge irinsa ina sauri ban fitar da shi ta ƙa'ida ba, aikin kwana huɗu na wani ya ƙi buɗewa, Allah ya taimake ni katin kyamarar ba a goge ba tukuna. Yanzu exFAT a wurina ɗan aike ne kawai, ya kai ya dawo, ba na barin aiki ya kwana a kansa shi kaɗai.

Sai maganar ofdet. Kowane ɓangare yana da ranar da yake juya wa tsofaffin kaya baya. macOS Catalina a 2019 ya daina buɗe manhajojin bit 32 gaba ɗaya, komawa cif ɗin M ya sa an daɗe ana lallaɓa tsofaffin fulogin ta Rosetta 2, mai fassara tsofaffin manhajoji ga sabon cif, Windows 11 ta zo da sharaɗin cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da ya bar injuna masu lafiya da yawa a waje, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Masu editin na da suna tuna 2011 da Final Cut Pro X ya fito ba ya buɗe furojet ɗin Final Cut 7, da yawa a lokacin suka koma Premiere. Ni kuma nawa gangancin, ana saura kwana biyu in miƙa aiki na ga saƙon ofdet na danna don kawai ya daina damuna, da safe fulogin ɗin da ke kan muryar gaba ɗaya ya ƙi tashi, masu shi ba su riga sun daidaita shi da sabon tsarin ba. Injin aiki yanzu ba na taɓa shi sai tsakanin ayyuka, kuma sai na bi shafin masu sawun kad da masu fulogin ɗaya bayan ɗaya na ga sun ce an shirya.

Linux na gwada shi wata biyu don son sani. Reaper yana tafiya, Ardour da Bitwig ma haka, har Resolve akwai, sai dai na kyautar a can ba ya buɗe kodek ɗin H.264, wanda wayoyi da ƙananan kyamarori da yawa da shi suke ɗauka, ga manyan fulogin da yawa babu su. Wanda aikinsa shi kaɗai ne kuma yana jin daɗin kwance inji ya ɗaura zai more. Ni mutane ke jira na.

Abin da ya fi komai canza min aiki a ƙarshe ba inji ba ne, yanke shawarar da na yi ne cewa duk manhaja ko fulogin da zan saka kuɗi a kai sai wanda ke tafiya a Mac da Windows duka, kuma in lasisin ya yarda in ɗauke shi daga wannan injin zuwa wancan. Duk aikin da na gama kuma ina fitar da layukansa a WAV in ajiye kusa da furojet ɗin, har da ɗan rubutu na tempo da fulogin ɗin da na yi amfani da su. Yana cin kamar minti ashirin, kuma sau da yawa ina jin ƙyuya.

Tsohuwar kwamfutar nan ta farko har yanzu tana ƙarƙashin tebur, ba ta intanet, ba a yi mata ofdet, na rufe ta da ƙyalle. Watan jiya wani da muka yi aiki shekaru da suka wuce ya kira ni, wai Oga don Allah baiti na biyu nake so a cire a sa sabo, kiɗan kar a taɓa shi. Na durƙusa na jawo ta na hure ƙura, na danna, fankar ta yi kukanta na da, furojet ɗin ya buɗe da komai a wurinsa har da ɗan fulogin ɗin nan na kyauta.