Laraba a Katsina: gwajin farantin Peltier a kan furosesa

Gari ya waye da hadari, iska duk danshi. Aikin yau a shago shi ne wata kwamfuta mai siririn akwati, wadda babbar fanka ba ta shiga cikinta. Mai ita ya ji ana yabon farantin Peltier, wani ɗan faranti mai sanyaya abu da wutar lantarki, ya ce a gwada masa a kan furosesa.

Furosesar Core i5-6500 ce, zafinta wat 65. Farantin kuwa TEC1-12706 ne, milimita 40 tsawo da faɗi, kaurinsa kusan milimita 4. Sunan ma yana faɗin abin da ke ciki: 127 tagwayen ƙwayoyi ne, 06 kuma amf 6. Wani Bafaranshe, Jean Peltier, ya gano dabarar a 1834: in aka ba shi wuta, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta ɗauki zafi.

Kafin a ɗora sai da na gane fuskar sanyin. Na ba shi volt 12 daga fawa saflai, jar wayarsa a kan rawaya, baƙa a kan baƙa, daƙiƙa biyu kawai, na taɓa da yatsa. Kada a wuce haka ba ƙarfen zuƙe zafi a bayansa, lalacewa yake yi. Sannan na shafa man zafi, wato man da ke taimaka wa zafi ya ratsa, siriri a fuskokin biyu, na ɗora fuskar sanyin a kan furosesa, ƙarfen fanka kuma a kan ta zafin. Ƙusoshin roba na fankar asali ba su kai ba saboda ƙarin kaurin, dole aka sa dogayen sukurori M3, ana ɗaure su kusurwa da kusurwa a hankali, don tangaran ɗin jikinsa ba ya son matsi ta gefe ɗaya.

Da aka kunna ba aiki, HWMonitor, manhajar duba zafin kwamfuta, ya nuna zafin ya sauka ƙasa da na ɗaki. Yaron shago har ya ce, "Oga, ai shi ke nan, an samu!" Na ce ya haska tocila a gefen soket, wato mazaunin furosesa. Ga zufa nan ƙanana tana taruwa a bakin farantin, kamar jikin gorar ruwan sanyi. A rani wataƙila a tsira, amma a Agustan nan ɗigo ɗaya ya isa ya kashe madabod, babban allon kwamfutar.

Muka kashe, muka busar, muka sa Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi. Nan asirinsa ya tonu. Iyakar zafin da farantin ke iya ja bai kai wat 65 ba, shi kansa kuma yana shan fiye da wat 50, duk su koma zafi. Wato ƙaramar fankar da aka yi don wat 65 an ɗora mata kusan 120. Ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa, furosesa ta doshi digiri 100 ta fara rage gudu da kanta. Ga mai aiki da sola da inbata, wannan ƙarin wutar daga batirinsa take fita, abin da ya fi damuna ke nan.

Bayan La'asar na cire farantin, na goge da sifirit. Na rubuta wa mai kwamfutar ya nemo gajeriyar fanka mai bututun tagulla, irin Noctua NH-L9i, tsayinta milimita 37, ya tabbatar ta soket LGA1151 ce. Kafin ta iso an mayar da ta asali da sabon mai, an kuma bushe ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfen.